Fashin Teku a Tudu Yake Kwana

A fim ɗin Captain Phillips na 2013, wanda Tom Hanks da Barkhad Abdi suka fito a ciki, akwai wurin da masu kallo kan wuce da sauri domin suna ɗokin a fara harbi. Motoci ne suka shigo wani ƙauyen bakin teku a Somaliya, yaran wani uban daba suka sauko da bindigogi suna tsawa, wai me ya sa ba a fita farautar jiragen ruwa ba. Nan take samari suka yi layi, kowa na roƙon a ɗauke shi. To, a nan maganar take.

Labarin gaskiya ne. Ranar 8 ga Afrilun 2009 samari huɗu suka hau jirgin dakon kaya na Maersk Alabama, yana kan hanyarsa ta zuwa Mombasa da kayan da suka haɗa da abincin agaji. Da jirgin ya gagare su, sai suka yi awon gaba da kyaftin Richard Phillips a cikin kwale-kwalen ceto. Ranar 12 ga wata sojojin ruwan Amurka suka harbe uku. Na huɗun, Abduwali Muse, kotu a New York ta ɗaure shi shekara 33 da wata tara. Wanda ya saya musu injin kwale-kwale da harsashi kuwa yana gida, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Ana yawan yi wa waɗannan yara uzuri, a ce gwamnati ta rushe tun 1991, jiragen ƙasashen waje suka kwashe musu kifi. Gaskiya ne an zalunce su. Amma matuƙin da aka ɗaure wata da watanni ba shi ya saci kifin ba. Kuma abin ya daɗe da wuce maganar kifi. A garin Harardere sai da fashi ya zama hannun jari: wannan ya zuba kuɗi, wancan ya ba da makami, wata ta dafa wa masu gadi abinci, wani ya kawo ganyen kat bashi, kowa na jiran ranar da za a jefo kuɗin fansa daga jirgin sama. Binciken Bankin Duniya ya nuna an biya sama da dala miliyan 300 tsakanin 2005 da 2012, kuma kaso mai tsoka aljihun masu zuba jari ya shiga. Da aka biya fansar jirgin man Saudiyya Sirius Star a farkon 2009, biyar daga cikin 'yan fashin sun nutse da rabonsu kafin su kai gaɓa.

Mu a Arewa ba mu da teku, amma duk wanda ke Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari ya san wannan ciniki. Ɓarawon daji ba ya haƙo fetur a dawa, ba ya gasa burodi. Wani ne ke ɗaura jarkoki a bayan babur da asuba. Wani ne ke saya masa katin waya, ya yi masa cajin batir. Infoma kuwa, tare ake sallah da shi, shi zai buga waya ya ce Alhaji ya sayar da masara jiya. Da gwamnatin Zamfara ta tashi matsa wa ɓarayi a 2021, ai layukan waya aka datse, aka hana sayar da mai a jarka, aka rufe kasuwannin dabbobi. Ta san in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yanzu abin har ya kai ɗan bindiga ya hau TikTok yana baje damin kuɗi, yaranmu na tura masa lambar asusu, suna cewa a taimaka. Kai ɗan'uwa, kuɗin nan gonar wani ce aka sayar. Sadakin 'yar wani ne, shanun da aka tara shekara ashirin ne.

Mai burodi da ke cewa shi sana'a kawai yake yi, ya sani ya shiga sahu. Uwar da ɗanta ya kawo sabon babur ba ta tambayi inda ya samu ba, ita ma. Haka mai unguwar da ya ga baƙon kuɗi ya kau da kai, da mai POS da ke karɓar miliyoyi daga wanda bai taɓa ganin ya riƙe fartanya ba. Ranar da ɓarayin suka rasa wanda za su ɗauka, lambar mai kai musu fetur tana cikin wayarsu, kuma sun san ƙofar gidansa.