Aikin Wa Ke Nan?

Akwai maganar da na sha ji a bakin ma'aikata: "Wannan ba aikina ba ne." Sau da yawa gaskiya ce. Amma ko ta isa ta wanke mutum daga alhaki?

A daminar 2016, zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaradan, cikin jihar Tawa. Cuta ce da ke bin ruwa: tafkuna su cika, sauro ya yi yawa, ya sa wa tumaki da shanu da raƙuma. Dabbobi suka yi ta ɓari. Makiyayan da suka taɓa jininsu suka kwanta, mutum fiye da 30 suka rasu.

To, aikin wa ke nan? Malamin dabbobi ne ke jin labarin ɓari. Likita yana ganin mai zazzaɓi. Mai auna ruwan sama ya san inda sauro zai ƙyanƙyashe. Kowa yana riƙe da guntun labari. In malamin dabbobi ya rubuta abin da ya ji, ya kulle a akwati, bai yi ƙarya ba, bai yi sata ba, amma shirunsa yana iya kai ɗan makiyayi kabari.

Ni ma ban kuɓuta ba. In awakina suka yi ɓari na ɓoye, don kada a hana ni kai su kasuwa, na sayar da lafiyar maƙwabcina ke nan.

'Yan'uwa, Allah bai ba Nuhu jirgi biyu ba, ɗaya na mutane, ɗaya na dabbobi. Tun da jirgin ɗaya ne, duk wanda ya ga inda yake yoyo, wajibi ne ya faɗa.