Shamuwa, Taurari Da Ruwan Damina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Tun kaka da kakanni manomin ƙasar Hausa yana da alamomin da yake gane ƙaratowar damina da su. Idan shamuwa ta dawo ta yi sheƙa, gawo kuma ya soma zubar da ganye, sai a yi sharar gona, masu ƙarfin hali har su yi binne. Malaman hisabi kuwa da manzilolin wata 28 suke lissafi, domin shekarar Hijira kwana 354 ce, tana kewaya rani da damina, ba ta tsaya wa shuka.

To, tun daga farin 1973 da na 1984 alamomin nan suka soma rikicewa. Sai ruwa ya sauka sau ɗaya, a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke har tsiro ya ƙone. Wata shekarar kuma marka ta zo da ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Daga nan sai waɗansu tsofaffi suka ce taurari sun daina aiki, waɗansu samari kuma suka ce dama lissafin duk shirka ne. Dukansu sun yi kuskure.

Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya. Bayan sallar Asuba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mumini, wanda ya jingina shi ga tauraro kuwa ya kafirce. Amma Imam Shafi'i ya bambance: wanda yake nufin lokacin da aka saba samun ruwa kurum, ba ya cikin wannan hukunci. Watau tauraro alama ce ta al'ada, al'ada kuwa tana saɓawa. Saboda haka babu dalilin kafirta dattijon da ke duban Kaza da 'Ya'yanta kafin ya fito da iri, ko mai sauraron hasashen yanayi a rediyo. Zancen bakan gizo yana shanye hadari dai camfi ne tsantsa.

Idan ruwa ya yi jinkiri, sunna ita ce a fita roƙon ruwa da hantsi, a yi raka'a biyu, liman ya yi huɗuba, a juya mayafai. Malamai sun so a gabatar da tuba da sadaka da mayar da haƙƙoƙi, kuma wannan ya shafi mai ɓoye hatsi a rumbu yana jiran tsada.