Haƙƙin Nakasasshe a Kasuwar Mako

Kasuwar mako a kudancin Jihar Katsina ita ce inda wahalar noma take zama kuɗi. A Sheme da 'Yankara cikin ƙaramar hukumar Faskari, da garin Ƙanƙara, da Ɗandume mai maƙwabtaka da Sabuwa, ranar kasuwa takan tara masara da dawa da waken suya da dabbobi, ta tara dillalai da masu awo da 'yan dako. Takan tara makafi da guragu da kurame ma, sai dai wurin da al'ada ta ware musu sananne ne: bakin kasuwa, gefen tasha, ƙofar masallaci, inda za a miƙa musu sadaka. Abin tambaya a addinance shi ne, wanda ya ba gurgu sadaka a bakin kasuwa ya sauke nauyin da ke kansa ke nan, ko da sauran haƙƙi, wato gurgun ya samu shiga ciki ya yi ciniki kamar kowa?

Keken guragu mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, yana buƙatar fili da ƙasa mai tauri. Layin 'yan hatsi lokacin kaka ba ya ba shi ko ɗaya. Buhuna sun cinye rabin hanya, tabarmar mai awo ta cinye saura, ɗan abin da ya rage baro da babur na kokawa a kansa. Da damina kuwa taya sai ta nutse a taɓo. Makaho da sanda yake haddace hanya, amma kasuwar mako ba ta zama yadda aka bar ta: inda ya wuce lafiya wancan mako, yau igiyar rumfa ce a gicciye daidai ƙaurinsa. Kurma ba ya jin "hanya, hanya" ta ɗan dakon da ke bayansa. Shi ya sa da yawansu suke aika yaro ko su miƙa wa dillali kayansu, su biya la'ada, su karɓi farashin da aka faɗa musu ba tare da sun ji shi daga bakin mai saye ba.

Fiƙihu bai ɗauki waɗannan mutane a matsayin masu jiran sadaka ba. Mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, ta inganta sayen makaho da sayarwarsa, ko dai a siffanta masa kayan, ko ya taɓa, ya sansana, ya ɗanɗana, ko da yake Shafi'iyya ta saɓa a kan haka. Nunin bebe idan ana fahimtarsa yana tsayawa a madadin magana wajen ƙulla ciniki. Akwai kuma labarin sahabin nan da malamai suka ce Habbanu ɗan Munƙizu ne, wanda rauni a ka ya taɓa hankalinsa da harshensa, har aka riƙa cutarsa a kasuwa. Danginsa suka nemi a hana shi ciniki. Manzon Allah (SAW) ya kira shi ya hane shi, shi kuwa ya nuna ba zai iya haƙura da kasuwa ba. Sai aka bar shi, aka koya masa ya riƙa shardanta cewa babu yaudara a duk cinikin da zai ƙulla. Ba a mayar da shi gida ba, kasuwar aka ɗora wa nauyin riƙe amana.

Idan cinikin mutum ya halatta, tare masa hanyar zuwa wurin cinikin zalunci ne. Hadisin Abu Sa'idil Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sanya kame cuta cikin haƙƙoƙin hanya a kan duk mai zama a bakinta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa abubuwan ƙi na tituna a cikin littafinsa Ihya'u, kuma mai karatu zai ɗauka kasuwar Sheme yake kallo: kafa dakali ko ginshiƙi da zai ƙuntata hanya, ɗaure dabbobi inda jama'a ke wucewa, zubar da ɓawon kankana, yayyafa ruwan da zai sa a zame. Duk abin da mai lafiya zai tsallake a nan, shi ne yake tsayar da gurgu cak.

Wani zai ce 'yan kasuwar su ma talakawa ne, kuma yankin yana da abin da ya fi wannan zafi. Maganar tana da nauyi. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga. Amma rashin tsaro ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi, don idan kasuwa ta rikice aka kama gudu, wanda hanya ta toshe wa shi ake bari a baya.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, kuma wa'adin ya cika a 2024. Kasuwar mako dai yawancinta fili ne da rumfuna, gyaranta bai jira siminti ba. Abin da ake buƙata shi ne layi guda a buɗe daga ƙofa zuwa wurin masu awo, a zuba masa marmara, a hana jibge buhu a kansa, a ba nakasasshe mai sana'a rumfa kusa da ƙofa. Wannan aikin sarkin kasuwa ne da ƙaramar hukumar da ke karɓar kuɗin rumfa kowane mako. Sadakar bakin kasuwa tana da ladarta, amma ba ta ɗauke wajibcin buɗe hanyar ba.