Waƙar Kaka a Garin Ƙura: Amana ce ko Ruɗi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Tun kafin a kafa garin Arlit a 1969, yaran ƙasar Abzin suna da makarantar da ba ta da allo. Malamarta kaka ce, darasinta waƙa. Yaron Buzaye yana haddace sunayen taurarin da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta ta hanyar rerawa, da su kuma manya ke gane shigowar sanyi da lokacin tafiyar ayarin gishiri zuwa Fachi da Bilma. 'Ya'yan Hausawan da aiki ya kawo iyayensu daga Maraɗi da Damagaram da Tawa sun zo da nasu: waƙoƙin roƙon ruwa, da na gaɗa, da na cikin tatsuniya masu ambaton gawo, magarya, aduwa da shamuwar da ke bushara da damina. A cikinsu yaro ke koyon cewa ba a ɓata rijiya, ba a sare itacen da ke ba da inuwa a hanya.

To, ga tambaya: ya dace a ci gaba da rera wa yaro waƙar da ke yabon ruwa da iska, a garin da ruwan da iskar suka zama abin zargi?

Tambayar tana da dalili. Kamfanin Somair ya fara fitar da uraniyom a 1971, Kominak kuma a 1978 kusa da Akokan. Da aka rufe Kominak ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin sharar ma'adini mai kimanin tan miliyan 20. Masu binciken CRIIRAD na Faransa da suka zo a 2003, da na Greenpeace a 2009, sun ba da rahoton samun tururin uraniyom fiye da kima a wasu tituna, da ruwan sha, da tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. Ruwan garin kuwa daga can ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, ajiyar dubban shekaru wadda ɗan yayyafin hamada ba ya mayar da gurbinta.

Masu cewa a bar waƙoƙin suna da hujja mai nauyi. Waƙar kaka ta koya wa yaro gudun abin da ido ke gani: kunama, guguwa, ruwa mai wari. Wannan cuta kuwa ba ta da launi, ba ta da wari, sai na'ura ke gane ta. Yaron da aka ce masa ruwa garau lafiya ne, an ba shi ma'aunin da ba zai tsare shi ba. Gaskiya kuma haƙƙin yaro ce a kan babba, ba a rufe ta da daɗin murya.

Amma barin waƙar yana da tasa hasarar. Wanda aka haifa a gindin tsibin shara, idan ba a taɓa siffanta masa ƙasa mai lafiya ba, zai ɗauka haka Allah Ya halicci duniya. Wanda bai san zuma ba, ba ya ƙorafin maɗaci. Waƙar ita ce shaidar yadda amanar take kafin ta shigo hannun mutane, kuma ba a neman gyaran abin da aka manta kamanninsa. Itacen Tenere da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, ayari bayan ayari suna wucewa ba wanda ya karya reshensa don dafa shayi, mota ce ta kayar da shi a 1973. Abin da ya tsare shi tsawon zamani ladabi ne da aka gada, ba doka ba.

Ma'abota tarbiyya sun fi kowa fahimtar wannan. Alƙur'ani ya sanar a Suratul Isra'i cewa kowane abu yana tasbihi, mutane ne ba sa fahimta. Yaron da ya kira aduwa da sunanta cikin ƙauna ya taka matakin farko na tafakkuri, domin ya daina ganin halitta a matsayin kayan amfani kawai. Haka kuma shehunai sun daɗe suna karantar da cewa cutar da ta fi halakarwa ita ce ɓoyayya: riya da hassada ba su da wari, sai mai basira ke gano su. Muridin da ya yarda da haka a baɗini ba zai yi gardama ba idan masani ya ce ƙarfe mai sheƙi na iya ɗauke da guba. Na'urar awo da waƙar kaka ba kishiyoyi ba ne.

Saboda haka mafita ita ce a riƙe waƙar, a cika ta da gaskiyar yau. Kakannin da suka tsara ta sun zuba ilmin zamaninsu ne, riƙon amanarsu shi ne a yi yadda suka yi. Uwa da malamin zawiya su haɗa tsohon darasi da sabo: ba a wasa kusa da tsibin shara, ba a ƙera tukunya da ƙarfen da ba a san asalinsa ba, a rufe abinci idan iska ta taso, a wanke hannu kafin ci. 'Yan gari irin su ƙungiyar Aghir In'man ta Almustafa Alhasan sun daɗe suna wannan faɗakarwa, sauraronsu ba ya rage tawakkali.

Sharaɗi ɗaya ya rage: kada a koya wa yaro raina mahaifinsa da ya shiga rami don ya ciyar da shi da halal. A koya masa dai cewa arziƙin ƙasa aro ne, kuma akwai ranar da za a tambayi kowa yadda ya mayar.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya raya zuriya bisa ladabi da halittarSa, albarkacin Manzon Allah (SAW). Amin.