Hannun da ya ja baka a Uhudu shi ya haƙa kabarin Annabi

A cikinmu wa ya san sunan mutumin da ya haƙa kabarin mahaifinsa? Mukan tsaya a inuwa da manyan riguna muna jira a gama, a sa gawa, mu watsa ƙasa mu tafi. Wanda ya sha rana da diga tun hantsi kuwa, ko sannu ba kowa ke ce masa ba.

To ku ji wanda ya haƙa kabarin Manzon Allah (SAW). Abu Ɗalha ne, Zaidu ɗan Sahal, mutumin Madina daga Banu Najjar, mijin Ummu Sulaim wadda ta ce musuluntarsa ita ce sadakinta. Mayaƙi ne na gaske. Ya yi mubaya'a a Aƙaba, ya halarci Badar. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, da sahu ya watse, shi ya tsaya gaban Annabi yana kare shi da garkuwa, yana harbi har baka biyu ko uku suka karye a hannunsa. In Annabi ya ɗaga kai don ya ga inda kibiya ta faɗa, sai ya roƙe shi ya sunkuya, ya ce gara a sami ƙirjinsa. A Hunaini shi kaɗai ya kayar da mutum ashirin.

Mai irin wannan tarihi, da a zamaninmu ne, sai dai a shimfiɗa masa darduma a sahun gaba, a riƙa ce masa ranka ya daɗe. Abu Ɗalha kuwa in an dawo gida shi ke haƙa wa mutanen Madina kabari. Aikin da aka san shi da shi ke nan, har ya zama gwanin lahadu, wato a rarake gefen alƙibla a sa mamaci. Abu Ubaida ɗan Jarrah, wanda daga baya ya jagoranci rundunonin Sham, shi ke haƙa irin na mutanen Makka. Da Annabi ya yi wafati a shekara ta 11, baffansa Abbas ya aiki mutum biyu neman mai haƙa kabari, ɗaya wajen wannan ɗaya wajen wancan. Abu Ɗalha aka samu. Ku lura, ba a ranar ya fara koyo ba. Kaburburan da ya daɗe yana haƙawa su suka kai shi ɗakin Nana A'isha, inda aka binne Annabi.

Kuma ba talauci ya sa shi riƙe magirbi ba. Ya fi kowa gonakin dabino a cikin Ansar. Wadda ya fi so, Bairuha, tana fuskantar masallaci, Annabi kan shiga ya sha ruwanta. Da aya ta 92 ta Suratu Ali Imrana ta sauka a kan ciyar da abin da mutum ke so, ita ya bayar, aka umarce shi ya raba wa danginsa. Da tsufa ya kama shi 'ya'yansa suka ce ya huta su je yaƙi a madadinsa, ya ƙi. Anas ya ruwaito cewa a cikin jirgin ruwa ya rasu, a hanyar yaƙi.

Ya ku tsofaffin sojoji da 'yan sandan da kuka aje kaki, horon da kuka samu unguwa na bukatarsa: 'yan agajin masallaci na neman mai koya musu tsari, 'yan sintiri na neman mai hana su wuce gona da iri. Mu kuma sauran, wankan gawa da haƙa kabari farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Bayan Juma'ar nan ku leƙa maƙabartar unguwarku, ku tambayi dattawan da ke wurin diga nawa suka rage musu, wa ke sayen itace da tukwane, wa ke gyara katangar da damina ta rusa.