Wanene Za Ya Riƙe Hannun Sabon Mai Bi?

Ya ɗan'uwana, kai da ka soma bin Ubangiji Yesu, ko kuwa kana bincike tukuna, ga tambaya: kadan sabon mai bi ya yi sanyi, har ya koma baya, alhakinsa a wuyan wa ya ke? Waɗansu sukan ce laifinsa ne shi kaɗai, gama an karanta masa Maganar Allah, ya ji. Amma ni na ce muna da rabo cikin laifin nan.

Tun shekara ta 1932 muna da Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, mun gode Allah. Duk da haka ka tuna da Bahabashen nan na cikin Ayyukan Manzanni sura 8. Littafin annabi Ishaya yana hannunsa, yana karatu cikin karusarsa, amma bai gane ba, sai da Filibus ya hau ya zauna tare da shi. Ubangiji da kansa, sa'anda ya zaɓi goma sha biyu, abu na fari da ya nufa shi ne su zauna tare da shi, kāna ya aike su wa'azi. Maƙeri ba ya koya wa yaro ƙira da baki kaɗai. Yaron yakan yi shekaru yana zuga, yana duban yadda a ke juya ƙarfe a wuta. Hakanan bin Almasihu ya ke. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ba na faɗin wannan domin na fi kowa ba. Akwai wani saurayi da ya yi wata shida yana zuwa ajina. Ya haddace Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji, ina kuwa yabonsa a gaban sauran. Amma ko sau ɗaya ban taka ƙofar gidansu ba. Ban sani ba, ashe an daina zuba masa tuwo a gida saboda zuwan da ya ke yi wurinmu. Ran nan ya daina zuwa. Da na neme shi, an ce ya tafi cin rani, har yau ban sake ganinsa ba. Na san bakinsa, ban san cikinsa ba.

Dubi Barnaba. Sa'anda Shawulu ya tuba ya zo Urushalima, almajirai suka ji tsoronsa, gama dā shi mai tsananta musu ne. Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni. Bayan wannan ya tafi har Tarsus nemansa, ya kawo shi Antakiya, suka yi shekara guda cur suna koyarwa tare. Daga baya saurayin nan Markus ya rabu da su a Bamfiliya, aiki bai ƙare ba, ya koma Urushalima. Da za a sake tafiya, Shawulu, wanda a ke kira Bulus, ya ƙi a tafi da shi. Barnaba kuwa bai yashe shi ba, ya ɗauke shi suka tafi Kubrus. Da shekaru suka wuce, Bulus yana kurkuku, sai ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani gare shi cikin hidima. Da a ce kowa ya juya wa Markus baya ran da ya kāsa, ina za a sami wannan?

To, kai sabon mai bi, ka nemi wani wanda ya riga ka, wanda halinsa a kasuwa da a gida daidai ya ke da halinsa ran Lahadi. Namiji shi nemi namiji, mace ta nemi mace. Ka taya shi noma, ka ga yadda ya ke yi sa'anda ya yi fushi, da yadda ya ke biyan bashi. Kada kunya ta hana ka faɗa masa inda ka faɗi.

Kada kuwa ka ce kai ƙarami ne, ba ka isa ka riƙe kowa ba. Andarawus bai daɗe da saduwa da Yesu ba, ya tafi ya kawo ɗan'uwansa Bitrus. In ka riƙe wani, ka je gidansa, ka tambayi ko ya ci abinci. Asirin da ya faɗa maka amana ce. In ya yi kuskure, ka tsauta masa ku biyu kaɗai, ba cikin taro ba.

Amma ka yi hankali da abu ɗaya. Kada ka mai da shi baranka, kada ka ɗaure shi da kyauta, kada ka yi kishi in ya fi ka, gama Bulus ma ya yi fice fiye da Barnaba. Ba almajirinka ba ne, na Almasihu ne. Aikinka ka kai shi wurin Mai shi.

Ubangiji shi ba kowane ɗayanmu mai riƙe shi, shi kuma ba shi wanda za ya riƙe. Amin.