MAGANIN GIDA DA AMANAR YARA



Ya 'yan uwa, damina ta kankama. Mu nan Amarawa da Illela, har zuwa Ƙonni, mun san abin da ke biyo ta: zazzaɓin cizon sauro, da gudawa da amai, da ramar yara lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Lokaci ne kuma na cin kasuwar masu magani. Ranar Lahadi a kasuwar Illela za ka ji lasifika na kiran kwalba guda mai maganin basir da shawara da daji da haƙoran yara, sannan a liƙa mata sunan Sunna. Shi ya sa nake son mu tsaya kan abubuwa huɗu da suka shafi ɗiyanmu.

Kafin nan, mu gane cewa neman magani addini ne. Bukhari ya ruwaito hadisin da ke nuna kowace cuta da maganinta Allah Ya saukar da ita. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da nauyin sarauta a kansa ya zauna ya wallafa littattafan likitanci, har da na ciwon basir da na ciwon ido. Amma Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya kama ba da magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, shi ke da alhakin ɓarnar da ta biyo baya. Ke nan magani da ilimi yake tafiya.

NA FARKO: ZUMA

Babu Musulmin da ke musun warakar da ke cikin zuma, tana cikin Suratun Nahli, aya ta 69. Mun san kuma ƙissar sahabin da ɗan uwansa ya yi ciwon ciki, Manzon Allah (SAW) ya yi ta umartarsa ya shayar da shi zuma har ya warke. To Ibnul Ƙayyim (Rahimahullah) a cikin Zadul Ma'ad ya fitar da darasi daga maimaita umarnin nan: magani yana da gwargwado, in ya gaza ba ya aiki, in ya wuce ya yi ɓarna.

Yaron da ya haura shekara 1, ƙaramin cokali na zuma da dare yana sassauta masa tari. Jaririn da bai cika wata 12 ba kuwa, kada a ba shi ko ɗigo. Zuma kan ɗauko wata ƙwayar cuta wadda hanjin babba ke iya murƙushewa, na jariri bai kai ba. Sai ta tsiro a cikinsa ta fitar da dafi, yaro ya saki jiki, ya kasa tsotso, numfashi ya yi wuya. Wani zai ce, "Malam, tahniki fa?" Tahnikin da Annabi (SAW) ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu da dabino ya yi shi, kuma ɗan abu ne da ake shafawa a dasashi.

Ke uwa, nononki ya ishe shi har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba rubutu. Dakashin nan na farko da ake tatsewa a zubar, wallahi shi ne garkuwar farko da Allah Ya tanadar masa. Bayan wata 6 a ƙara kunun gero mai kauri da ƙullin gyaɗa ko garin waken suya, da miyar zogale ko kuka, a ci gaba da nono zuwa shekara 2 da Suratul Baƙara ta ambata.

NA BIYU: BELU

Yaro na tari ko amai, sai a ce belu ne, a kira wanzami. Ku saurara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Ƙais 'yar Mihsan ta zo da ɗanta wajen Annabi (SAW) bayan ta danne masa maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, kamar yadda matan Larabawa suka saba. Ya yi inkarin wannan aiki, ya nuna wahalar da yaro ce, ya shiryar da ita ga wani magani mai sauƙi. Dannawa da yatsa ke nan. Ina ga yanka da ƙarfe? Belu halittar Allah ce, kowa da shi aka haife shi. Yankansa kan jawo zubar jini, da sandarewar wuya, da ciwon hanta in ƙarfen ya taɓa wani. Ba ina cin zarafin wanzamai ba ne, sana'arsu ta aski da ƙaho tana nan da mutuncinta. Amma bakin jariri a bar shi.

NA UKU: GUDAWA

Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, fitsari ya ɗauke. Kada a ce haƙori ne a zura ido. Maganin yana da araha: ƙunshin ORS guda a zuba cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata. In babu ORS, a sa ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba tozo, cikin lita 1. Gishiri in ya yi yawa shi ma cuta ne, don haka a auna. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinc kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Kada a hana shi nono ko abinci.

Rigakafinta kuwa mun fi kowa saninsa, mu da muke alwala sau biyar: wanke hannu da sabulu bayan bayan gida, bayan wanke wa yaro kashi, da kafin taɓa abinci. A rufe randa, a ware mata moɗa guda.

NA HUƊU: ZAZZAƁI

Jiƙon dogon yaro ba shi da ma'auni, kuma hantar yaro ƙarama ce. Haka ƙwayoyin da ake yawo da su a faranti cikin rana, wasu da rubutun Faransanci da ba mu iya karantawa. Farasitamol yana sauke zafin jiki ne kawai, ba ya kashe cutar. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jini a ranar, gwajin ba ya wuce minti 20. Masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na damina, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ku buɗe musu ƙofa, ku cika kwana 3 na kowane wata. Gidan sauro kuma yara aka ba, ba shingen lambu ba.

In yaro ya kama jijjiga, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, kada a turara masa hayaƙi. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauke shi. Ku yi masa ruƙya, ƙwarai kuwa, amma a bisa babur, kan hanyar asibiti.

Ga alamun da ba a kwana da su: ya ƙi nono ko ruwa, yana amayar da komai, jijjiga, barcin da ba ya farkawa, jini a kashi, numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, ko zafin jiki ga jaririn da bai kai wata 2 ba. Haka gyambon dasashi mai wari ga yaro ramamme, don cutar noma mai cin fuska daga nan take farawa, kuma akwai asibitinta na musamman a Sakkwato. Ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko Babban Asibitin Illela.

Magidanta, kalmar ƙarshe taku ce. Da yawanmu muna fita fatauci, wani ya kwana Ƙonni, wani Sakkwato, ga uwa da yaro a hannu tana jiran izini da kuɗin babur. Ka ba ta izini tun yau, na dindindin: in yaro ya rikice ta tafi, ta kira ka daga can. Ka ajiye mata wani abu don wannan kaɗai. Kai makiyayi ne a gidanka, kuma za a tambaye ka. Ajali ba ya jinkiri, gaskiya ne, amma sakaci zunubi ne, ba a kiransa tawakkali.

Allah Ya raya mana zuriya bisa Musulunci, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu ga kaka lafiya. Wanda ya karanta, ya karanta wa iyalinsa.

Wallahu a'alam.